Daminar da Aka Baibaye Jirgi

Ruwan makon jiya ya same ni ina ƙailula, ya biyo ta rufi ya ɗiga mini a gwiwa. Na aika aka kira kafinta. Ya hau, ya zagaya kan kwanon, ya leƙo ya ce shi bai ga huda ba, kwano sai sheƙi yake yi. Can ya zare ƙusa ya ɗaga inda falle ya hau kan falle, sai na ji ya yi salati. Wurin da rana da ruwa suke duka kullum lafiya lau, wurin da yake a rufe kuwa ya ruɓe kamar tsohuwar tabarma. Ya yi mamaki ƙwarai. Ni ban yi ba, don na taɓa ganin irin wannan a kan abin da ya fi kwanon rufi tsada.

Da yammar ranar kuma Nasiru, ɗan ƙanena da yake noma mana shinkafa a fadamar Bakura, ya bugo waya. Ya ce tsuntsayen jan-baki sun fara leƙowa, amma kada in damu, an ce za a turo jirgin feshi. Na ce masa madalla. Abu biyun nan da suka haɗu a rana ɗaya su suka mayar da ni wata damina da na yi tun gashina yana baƙi.

A lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata makaranta a Maradun. Hutu kuwa a gidan Baffa Labbo nake yin sa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Ƙauyenmu yana tsakanin Mafara da Bakura, a bakin fadamar da ruwan Bakolori yake shayarwa. Shekarar da ta gabaci daminar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ya bushe a tsaye. Aka koma ga alkamar rani, ita kuma jan-baki suka sauko mata. Ga wanda bai san shi ba, jan-baki ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba. In ka gan shi shi kaɗai sai ka ji tausayinsa. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa ganin sa shi kaɗai.

Sai da suka ci rabin alkamar sannan jirgi ya zo. Ɗan ƙarami ne, rawaya, mai kujera ɗaya, ya sauka a wani fili da aka share a gefen gonar Baffa. Ya yi feshi a kan kacalla, doguwar ciyawar ruwan da tsuntsayen suke kwana a ciki, aka wayi gari ana kwasar su da kwando. Daga nan magani ya ƙare. Matuƙin da injiniyansa suka ɗaure jirgin da turaku, suka toshe kafofin injin, suka rufe gilashin, suka ce za su dawo idan shinkafar damina ta fidda kai. Mai gari ya damƙa tsaronsa a hannun Baffa. Abin da injiniyan ya roƙa bai wuce a hana awaki da yara hawa ba.

Amma Baffa mutum ne da ba ya iya ganin jakin baƙo a rana bai matsar da shi inuwa ba. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya dubi jirgin mutane tsirara a fili, ya ga abin kunya ne a ce an ba shi amana ya bar ta ruwa yana duka. Ya kira gayya. Suka fara shimfiɗa buhunan algarara a kan fukafukan don kada fenti ya ƙuje. Suka ɗora buhunan takin zamani da aka juye, tunda su ba sa yoyo. Sannan zana, sannan shuci, aka ɗaure tamau da igiyar rama, kamar yadda ake baibaye rumbun da ake ji da shi. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi. Kaya suka ƙare kafin a kai wutsiya.

Duk wannan a bakin Inna Kulu, matar Baffa, na ji shi da na zo dogon hutu. Abin da na gani da idona daga kan hanya shi ne wani abu kamar rumbuna uku sun faɗi a kan juna, da wata rawayar wutsiya ta leƙo ta baya.

Bayan mun gama gaisuwa na ce, "Baffa, ina jirgin?"

Ya ce, "Ga shi gabanka, ɗan boko. Ko sai an rubuta maka ga allo?"

Na ce aiki ya yi kyau. Ya girgiza kai.

"Wutsiyar ga ita ka hana ni kwana. Mutanen ga in sunka dawo, da wane ido zan dube su?"

Ba wanda ya kawo wani tunani a ransa. Jikin jirgin alminiyom ne, farin ƙarfe, kowa kuma ya san farin ƙarfe ba ya tsatsa. Tukunyar Inna Kulu ta girme ni, kullum tana cikin ruwa, ba ta taɓa yin ja ba. Littafin da nake koyarwa da shi ma gwajin tsatsar ƙusa a cikin kwalba kawai ya sani. Marubucinsa bai yi tanadin ranar da za a yi wa jirgin sama jinka ba.

Daminar ta zo a makare, sannan ta zo da fushi. An yi shuka ta farko ta ƙone, aka sake. Da marka ta kama, sai a yi kwana da kwanaki ba a ga rana sosai ba. Katangu suka jiƙe har suna tsiro, ashana ta ƙi kamawa, Inna Kulu tana ajiye itace a ƙarƙashin gado. In ruwan ya tsaya kuma sai rana ta buɗe da wani zafi mai nauyi, ƙasa tana huci, riga tana manne wa baya. A irin wannan lokaci za ka hango tururi yana tashi daga jinkar jirgin. Igiyar rama takan saki idan ta bushe, don haka bayan kowane ruwa Baffa yakan je ya ƙara ɗaure ta, yana sa ƙafa yana ja. Samanta ya bushe, ya shafa ya ji daɗi. Ba wanda ya sa hannu a ƙarƙashi.

A cikin gida kuwa rumbu ya kai ƙasa tun kafin noman farko. Inna Kulu ta ajiye babban kwanon awo ta ɗauko ƙarami. Da safe kunun kanwa ne, mai ruwa-ruwa har kana ganin fuskarka a ciki. Mu fita noma da shi, mu dawo da azahar. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli da aka daka don ya yi ƙamshin abinci. Tuwo sai dare, malmala ɗaya ga manya biyu. Na lura Inna Kulu takan ce ta ci a wurin tuƙi, na kuma lura cewa tukunyar ba ta nuna alamar haka. Da gero ya fara nuna muka gasa tumu, muka ci har muƙamuƙi ya gaji, amma geron bai yi yawa ba, shukar baya ce. Kowa ya san abin da ya rage. Shinkafar fadama ita ce abincin shekarar. In ta tsira mun tsira. In ba ta tsira ba, sai maza su bar gari neman aiki, mata su sayar da awaki.

A al'ada, da an gama maimai sai a shiga shirin tsaron tsuntsu. A sare itace a kafa dogayen rumfuna a cikin shinkafa, a tufka igiya, a tara gwangwanaye a zuba musu tsakuwa. A shekarar nan ba wanda ya yi. Ɗan-Jumma, maƙwabcinmu kuma abokin wasan Baffa tun suna yara, shi ne ya faɗi abin da yake ran kowa: "Mi za a yi da gwangwani, ga jirgi kwance bakin gona?" Ko da an so a yi ma, igiyar garin da zanarsa duk suna jikin jirgin.

Shinkafa ta yi ciki, ta fidda kai, ƙwayarta tana ruwa kamar nono. Daidai lokacin da jan-baki suka fi so ke nan. Wata safiya muka ga kamar hayaƙi ya tashi daga kacalla, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya dawo. Ƙararsa kamar ruwa yana sauka a kan ganye. Mai gari ya aika, bayan 'yan kwanaki sai ga mota da gangunan magani, da matuƙin, wani dogo marar yawan magana, da Injiniya Yohanna, mutumin wajen Jos, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi.

Gari duka ya fito. Injiniya ya sauko, ya dubi jinkar, ya cire hularsa ya riƙe.

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

Baffa ya gyara tsayuwa. "Ni da jama'a. Sai dai ka yi haƙuri da wutsiya, kaya ne sunka ƙare."

Injiniya ya ce a kwance jinkar. Aka sauke shuci, aka naɗe zana. Da aka ɗaga buhunan taki sai wani wari ya taso, mai tsami kamar gasarar da ta kwana. Algararar da ke ƙasa sharkaf take, tana ɗiga, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Daga nesa jirgin yana nan rawaya, har yara suka fara tafi. Daga kusa kuwa, duk inda igiya ta danne, fenti ya kumbura a jere kamar ƙuraje. A bakin kowace gaɓa da falle ya hau kan falle, da kewayen ƙananan ƙusoshin da suka haɗa su, wani farin gari ya fito kamar an barbaɗa kanwa. Injiniya ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin fiffike, daidai inda yake haɗuwa da gangar jiki, ya haska tocila ya tura hannu. Abin da ya fito da shi ya yi kama da littafin da ruwa ya jiƙa, ƙarfe ya rabu falle-falle yana marmashewa a yatsunsa.

Sannan ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa wutsiyar, ya duba gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Fentinta ya ɗan koɗe da rana. Ban da wannan, ƙalau take.

Baffa ya ce, "Injiniya, ban gane ba. Ruwa dai ruwa ne. Wutsiyar ga ta sha shi fiye da ko'ina."

Injiniya ya tsuguna, don Baffa ya riga ya zauna a kan zana.

"Ruwan da ya zuba ya wuce ba ya komai, Baba. Wanda ya shiga lungu ya zauna shi ne mugu. Ka ga bakin lungun yana samun iska, cikinsa ba ya samu. Ruwa ɗaya ne ya shiga, amma da ya daɗe sai ya zama iri biyu. Na ciki ya yi tsami, ya tara gishiri, ga kuma ragowar takin da ke jikin buhu. Da zarar an sami bambancin nan, ƙarfen ya zama kamar batirin tocila, gefe ɗaya yana ci, gefe ɗaya ana cin sa. Kuma kullum na ɓoye ake ci."

Ya ƙara da cewa farin ƙarfe yana da wata fata siririya da ido ba ya gani, da iska yake yin ta, ita take kare shi. In ta ƙuje a fili, nan take yake yin wata. In an hana shi iska ba zai iya ba. Tukunyar Inna Kulu ana wanke ta a kife ta a rana, shi ya sa ta tsufa da mutuncinta.

Baffa ya ce, "Ashe iska ita ce abincinai. Ni kau na toshe mai hanci."

A daidai lokacin hayaƙin nan ya sake tashi daga kacalla, kowa ya juya. Baffa ya miƙe ya kama hannun matuƙin.

"Ɗana, sau guda. Ga kacallar nan, ko da jifa ana kai mata. Ka tashi sau guda ka sauko."

Matuƙin ya dubi Injiniya. Injiniya ya ce, "Tashi zai tashi. Amma da magani cike a cikinsa, in ya zo juyawa a kan itatuwan can, fiffiken ne zai ɗauki nauyin duka. Ban san ko zai ɗauka ba."

Matuƙin ya ce, "Baba, ina da 'ya'ya uku." Iyakar maganar da na ji ya yi ke nan a duk zuwansa. Baffa ya saki hannunsa. Aka tambayi wani jirgin, suka ce yana wata jiha mai nisa, kafin ya zo an gama girbi, ko an gama ci.

Jama'a suka fara gunaguni. Ɗan-Jumma ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "To, Labbo, duk ƙasar ga kai kaɗai ne ka kashe jirgi da alheri. Allah ya sa kada ka yi jinyata."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi ciki babu komai. Baffa ya juya wajen jirgin. Idonsa yana kan tulin kayan da aka sauke: igiya mai yawa, zana, sandunan da aka tokare jinka da su.

Ya ce, "Kai, Ɗan-Jumma, in ka gama wa'azi ɗauki gatari. Igiya ga ta, mu munka tufka ta da hannunmu. Samari su tai daji su saro itace. Mata su fiddo duk abin da ka ƙara in an buga. Kafin la'asar ina son rumfa ta farko tsaye."

Ba a taɓa yin shirin tsaro da sauri irin na shekarar nan ba. Aka yayyaga buhunan taki aka rataya su suna kaɗawa. Injiniya ya ba da gwangwanayen man inji. Baffa ne ya raba igiya, ya fara daga gonakin da suke nesa da kacalla yana matsowa, gida-gida, ya bar tasa a ƙarshe. Tasa kuwa ita ce take jingine da kacallar. Kamar wancan karo, kaya suka ƙare kafin a kai wutsiya.

Inna Kulu ta ce, "Malam, mu fa?"

Ya ce, "Muna da baki."

Daga ranar muka koma fadama. Da an sallame asuba kowa yana kan rumfarsa, don jan-baki ba sa jiran rana ta fito sosai. Ka ja igiya, gwangwanaye su yi kuka daga wannan kunya zuwa waccan, garken ya tashi ya faɗa gonar maƙwabci, shi ma ya ja tasa. Mata suna buga faranti da ƙwarya, samari suna wurga laka da majaujawa. Salla kashi biyu ake yin ta don kada igiya ta yi shiru. Ruwa har ƙwauri, matsattsaku suna manne wa ƙafa, sauro da rana tsaka. Tafin hannuna na mai riƙe alli ya fashe a rana ta biyu, Inna Kulu ta ɗaure mini shi da tsumma da man kaɗe. Abinci ruwan fura ne a gora, a sha a tsaye. Injiniya ya zauna yana kwance fukafukan jirgin don a ɗora a babbar mota, in ya gaji sai ya shigo ya karɓi igiyar wata tsohuwa ta huta.

A gonarmu babu igiya, babu rumfa. Mu uku ne, Baffa da Inna Kulu da ni, muna kai da kawowa a cikin laka muna ihu. Tsuntsun da aka koro daga ko'ina wurinmu yake sauka, tunda mu ne kusa da gidansa kuma mu ne ba mu da ƙara. Muryar Baffa ta dushe, ta koma raɗa, ya ci gaba da kaɗa rawaninsa a sama. Da magariba in garken ya koma kacalla, sai ka shafa zangarniya ka ji ta sakayau, ƙaiƙayi kawai.

Da ƙwaya ta yi tauri ba a jira ta bushe sosai ba, aka sa lauje. Yawancin gonakin garin sun tsira, wasu da ɗan rauni a gefe. Ba wanda ya bar gari a shekarar. Abin da muka samu a tamu, Inna Kulu ta ɗauko shi a kai ita kaɗai, ba ta ko sauya hannu ba.

Ranar da aka gama sussuka muna zaune a zaure sai ga Ɗan-Jumma da buhu a kan jaki. Ya sauke a ƙofa, ya ce, "Ga ladan baibaya. Ban da gonarka da ta tare su, da tawa sunka ci." Baffa ya buɗe baki zai yi gardama, murya ta ƙi fita. Ɗan-Jumma ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai na yi magana ba ka katse ni ba." Bayansa wasu suka biyo, mai kwando, mai ƙwarya, har tsohuwar da Injiniya yake karɓar wa igiya. Inna Kulu ta mayar da ƙaramin kwano inda ta ɗauko shi.

Kashegari muka zuba shinkafar a rumbu. Baffa ya hau da shuci da ragowar igiya zai yi baibaya, sai ya tsaya, ya leƙo ni daga sama, ya ce cikin raɗa, "Ɗan boko, wagga fa? Ita ma iska taka so?"

Na ce, "A'a, Baffa. Wannan baibaye ta."

Ya ɗaure ta tamau, yana sa ƙafa yana ja.

Yanzu Nasiru yana da babur da waya da injin ban-ruwa, abubuwan da Baffa bai taɓa mallaka ba. Amma ba ya iya kaiwa magariba a fadama kamar yadda muka yi, tun la'asar sakaliya kowa yake kama hanyar gida saboda halin da daji yake ciki. Na kira shi daga baya na ce jirgi in ya zo muna murna, amma ya sa a saro itace tun yanzu.

Jiya Hajiya, maiɗakina, ta same ni a bakin famfo ina wanke gwangwanayen tumatir da na madara, na tara su a buhu.

Ta ce, "Malam, gwangwan ka koma saye bayan ritaya?"

Na ce mata na Bakura ne, motar safe za ta tafi da su. Ta tsaya ta dube ni, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon farantinta mai ƙara ta jefa a cikin buhun.